Ni da kujerar likitan haƙori: abin da na rubuta daga Disamba zuwa bakin azumi

9 ga Disamba, 2024

Turmina na ƙasa, gefen hagu, ya ruɓe har rabinsa ya ɓantare. Akwai kogo a wani na sama, dasashina kuma jini yake duk sanda na yi aswaki. Halin da bakina yake ciki ke nan yau. Hunturu ya sauka sosai a Damagaram, kurkurar baki da ruwan randa wajen alwalar asuba ta zama abin fargaba, don zafin har cikin kunne yake harbawa.

Malamin makaranta ne ni, na haura arba'in, ina da iyali. Duk da haka, ko allon da aka zana haƙori na hango a bakin titi, tafin hannuna jiƙewa yake, zuciyata ta hau dukan uku-uku. Tun ina yaro ban sake buɗe wa kowa bakina ba. Kanumfari ne ya riƙe ni shekara da shekaru. Yana aiki kam, man da ke cikinsa yana kashe raɗaɗi na ɗan lokaci, sai dai ba ya taɓa ruɓar. Bayan shi sai ruwan ɗumi da gishiri, sai farasitamol. A fadarmu, inda muke zaman hira da shan shayi, kowa da maganinsa: wannan ya ce in cusa garin taba a kogon, wancan ya ce in danna ƙwayar asfirin a kai, wani har tiramol ya ambata. Asfirin ƙona dasashi take in ta zauna a kansa, tiramol kuwa duk mun ga yadda ta mayar da samari da yawa a garin nan.

Azumi zai kama a farkon Maris, in Allah ya kai mu. Ba na son ya same ni da wannan haƙori, rana ta take ba halin haɗiyar ƙwaya. Wa'adin da na ba kaina ke nan, kuma zan riƙa rubuta abin da ya gudana, ko mai irin larurata zai amfana.

15 ga Disamba

Ɗiyar yayata, wadda ke aikin jinya, ta zo gaishe mu ta lura da gefe ɗaya nake tauna tuwo. Sai da aka watse ta matso ta ce, "Kawu, in yi maka wasu tambayoyi?" Ta buɗe wayarta ta karanto biyar. Yaya za ka ji in gobe ne za ka ga likitan haƙori. In kana zaune kana jiran a kira ka. In za a fafe haƙori da inji. In za a kankare dattin haƙora. In za a yi allura a dasashi. Kowace tambaya mutum zai ba ta maki daga 1 zuwa 5, jimilla ba ta wuce 25. Ta ce a Ingila aka tsara ma'aunin a 1995, kuma wanda ya kai 19 ko ya haura, tsoronsa ya shiga sahun mai tsanani. Na samu 23.

Abin ya sanyaya mini rai ta inda ban zata ba. In har likitoci sun zauna sun tsara ma'auni, to mu masu wannan hali muna da yawa, kuma larura ce sananniya, ba ragwanci ba.

Ta nemi jin mafarin abin, na ba ta labarin da ko uwargida ban taɓa ba shi cikakke ba. Ina ɗan shekara goma aka kai ni wata kasuwar ƙauye wajen wani mai cirar haƙori. Tabarma ce, da ƙwaryar ruwa, da awartaki. Mutum biyu suka danne ni, na uku ya matse kaina tsakanin gwiwoyinsa. Haƙorin ya karye, mutumin ya koma yana tonon guntun. Ta ce, "Kawu, a duk cikin nan me ya fi tsaya maka a rai?" Na jima ban amsa ba. Zafin na manta kamanninsa. Abin da ya zauna shi ne nauyin hannayen nan a kafaɗuna, da yadda nake ihun a tsaya, ba wanda ya tsaya. Ashe danniyar nake gudu duk tsawon shekarun nan.

Muka ɗauki takarda muka jera matakai daga mafi sauƙi: wucewa ta ƙofa, zama a ɗakin jira, magana da likita ba tare da an taɓa ni ba, hawa kujera, dubawa, sannan aiki. Sharaɗin kowane mataki shi ne in daure a cikinsa har bugun zuciya ya sauka da kansa. Wanda ya tashi a guje lokacin da tsoro yake kan ganiyarsa, jikinsa yakan riƙe cewa gudun ne ya cece shi, gobe tsoron ya ƙaru.

Abu ɗaya ta gindaya mini da babbar murya. In kumburi ya hau zuwa ido, ko ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko zazzaɓi ya rufe ni, babu sauran zancen matakai, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ruɓar turmin ƙasa tana iya yaɗuwa ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar numfashi. Na yi mata alkawari.

21 ga Disamba

Matakan farko sun tafi daidai. Na zauna a ɗakin jira na wani wuri, warin magungunansu ya juya mini ciki, na daure har gumin ya tsane. Da na ga haka sai na ƙarasa wajen wanda ke karɓar mutane na ce magana kawai nake so in yi da likita, don ina da tsoro mai tsanani. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Haba Malam, da gemunka? Yara ma ana cire musu." Mutanen da ke kan benci suka juyo.

Na fito, kuma ba zan koma can ba. Wannan magana ta "kai ba namiji ba ne" ita ke zaunar da magidanta a gida har fuska ta kumbura a kwashe su ranga-ranga. Kunyatarwa ba ta taɓa cire wa kowa tsoro, iyaka ta koya masa ɓoyewa. Mai aikin lafiya ya fi kowa cancantar ya san haka.

27 ga Disamba

Wuri na biyu. Ɗiyar yayata ta riga ta kira ta yi bayani, aka ba ni randebu da sassafe, kafin layi ya taru, don kada dogon jira ya cinye mini ƙarfin hali. Likitan ya zaunar da ni a kujerar katako kusa da teburinsa, ba waccan mai kwantawa ba. Na faɗa masa komai ina kallon ƙasa. Bai yi murmushi ba, bai kuma ce kada in damu ba. Cewa ya yi, "Malam, faɗi sharuɗɗanka."

Na faɗi uku. In na ɗaga hannun hagu, a tsaya nan take, ko ana tsakiyar me. Kada wani ƙarfe ya shiga bakina sai an gaya mini sunansa da aikinsa. Kada kowa ya tsaya a bayan kaina ko ya dafa mini kafaɗa. Ya rubuta su a katina, ya kira mataimakiyarsa ya karanta mata.

Ya nuna mini kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, ya sa ɗan madubin a tafin hannuna. Ya nuna mini tukunyar tururi da ake gasa ƙarafan a ciki, zafinta yana kai digiri 134, kowane saiti a cikin ledarsa a rufe. Nan na tuna awartakin kasuwa da ake tsomawa a ƙwarya ɗaya daga baki zuwa baki. Ta irin wannan hanya ciwon hanta yake iya ratsa mutane ba su sani ba.

Na tambaye shi zancen tsutsar haƙori, don da shi muka tashi. Ya ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke maƙale a jikin haƙori suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawon haƙorin, ya ratsa naman ciki, har ya kai ɓargon da jijiya da jini suke. Duk sanda sukari ya shiga baki, tsamin yakan yi rabin sa'a ko fiye yana aiki kafin miyau ya wanke shi. Sai ya tambaye ni yadda muke shan shayi. Na ce kamar kowa, na fari, na biyu, na uku, daga la'asar har bayan isha'i, ga sukari kamar ba a san kuɗinsa ba. Ya ce to lissafa da kanka sa'o'in da haƙoranka suke kwana cikin tsami. Yawan maimaitawar ya fi yawan sukarin ɓarna.

7 ga Janairu, 2025

Na hau kujerar. Ya kwantar da ita rabi kawai, kamar yadda na roƙa. Da madubin ya shiga bakina, babu zafi ko kaɗan, amma na ɗaga hannun hagu da gangan. Ina so in gani da idona ko alkawarin na gaske ne. Ya janye hannunsa, ya ja kujerarsa baya, ya ɗora hannaye a cinya yana jira. Bai tambaye ni dalili ba. Da na ce bismillah, ya ci gaba.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya juya al'amarin nan, wannan ne. Daga lokacin kafaɗuna suka saki, har na ji bayana ya taɓa kujerar.

An ɗauki hoton haƙoran. Turmin ƙasa ba ya gyaruwa, sai cirewa. Na ce ai kwana biyun nan zafinsa ya lafa, ko ya fara warkewa ne? Ya nuna mini wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar, ya ce jijiyar ce ta mutu, shi ya sa na daina ji, ruɓar kuwa ta gangara cikin ƙashi. Lafawar zafi a ruɓaɓɓen haƙori ba albishir ba ce. Na sama za a cike shi. Tunda babu kumburi yanzu, muka yarda a fara da wanki, wanda ba ya bukatar allura, in saba da kujerar tukuna.

16 ga Janairu

Wankin ya fi yadda na zata wuya. Ƙarar injin siririya ce tana ratsa ƙashin kai, ga ruwa yana taruwa a maƙogwaro. Na sa abin sauraro a kunne ina jin karatun Alƙur'ani, ina jan numfashi ta hanci in ƙirga huɗu, in sake shi a hankali in ƙirga shida. Fitar da numfashi a tsawaice shi ke rage gudun zuciya, na ga haka a jikina. Mun gama haƙoran ƙasa na ce ya isa haka. Ya ce to, na sama sai mako mai zuwa, ya ajiye kayansa.

Wasu na cewa wanki yana sassauta haƙori. Likitan ya ce daskararren dattin ne yake kumbura dasashi yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin, in aka kankare shi sai giɓin da ya riga ya yi ya bayyana, mutum ya ɗora wa wankin laifi.

23 ga Janairu

An gama wankin na sama. Jinin dasashi ya fara raguwa. An sa ranar cirewa.

28 ga Janairu, da dare

Gobe ne, barci ya ƙi zuwa. Inna ta aiko ƙanena ya gaya mini cirar haƙori tana taɓa ido. Na riga na tambayi likita, ya ce jijiyar gani daban, ta haƙori daban, cirewa ba ta makantar da mutum. Na je da kaina na kwantar mata da hankali, ta yi mini addu'a mai tsawo.

Na zauna ina karanta tarihin maganin kashe zafi a waya. Ashe likitocin haƙori ne a sahun gaba wajen kawo shi. A 1844, a garin Hartford na Amurka, Horace Wells ya shaƙi iskar nan mai sa dariya aka cire masa haƙorinsa, don ya gwada a kansa kafin ya gwada a kan wani. A 1846 William Morton, shi ma likitan haƙori, ya nuna aikin wani maganin sa barci mai suna ether a Boston aka yi wa mutum tiyata yana barci. Lidokayin, allurar kashe zafi da za a yi mini gobe, a Suwidin aka haɗa ta a 1943. Wato lokacin da aka danne ni a kan tabarmar nan, maganin ya shekara kusan hamsin a duniya, bai dai iso wannan kasuwa ba. Raina ya sosu saboda yaron da nake a lokacin, da waɗanda har yanzu ake kaiwa irin wuraren nan don babu likita kusa ko babu kuɗin mota.

29 ga Janairu

Na karya kumallo sosai, don ya gargaɗe ni cewa mai tsoro in ya zo da yunwa jiri yakan ɗebe shi. Ɗiyar yayata ta raka ni, ta zauna inda nake ganinta.

Ya busar da dasashin da auduga, ya shafa wani man da ke kashe fatar sama, muka jira. Kafin allurar ya ce, "Malam, akwai ɗan adiranalin a ciki, don maganin ya daɗe a wurin, jini kuma ya ragu. Zai iya sa zuciyarka gudu na ƴan mintoci. In ka ji haka, maganin ne." Allah ya saka masa da alheri da wannan gargaɗi, domin haka aka yi. Ƙirjina ya hau bugu, yatsuna suna rawa, kuma da ban sani ba da na ɗauka mutuwa ce ta zo. Tsinin allurar kansa bai kai cizon cinnaka ba. Abin da na fi ji shi ne turin maganin yana shiga, shi ma a hankali ya tura shi.

Can leɓena na ƙasa ya yi nauyi, rabin harshena ya mutu. Ya taɓa dasashin da tsinin ƙarfe ya ce me na ji, na ce taɓawa kawai. Ya yi mini bayani tun kafin ya fara: maganin yana kashe zafi, ba ya kashe jin dannawa, saboda haka zan ji turi da girgiza da ƙara, kada in ɗauke su zafi. Ya fara kaɗa haƙorin gaba da baya. Ƙarar a cikin kaina take, ƙas-ƙas, hawaye suna gangarowa cikin kunnena ba tare da na yi niyyar kuka ba. A wani juyi na ji abu ya tsira mini kamar wuta, na ɗaga hannu. Ya tsaya. Ya ce wurin da ruɓa ta daɗe yakan yi wa maganin gardama, ya ƙara allura a gefen saiwar, muka jira, ya sake gwadawa. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai turi.

Da ya ce an gama ban yarda ba sai da ya nuna mini shi a faranti, saiwa biyu, ɗaya da ɗan ƙullin ruɓa a bakinta. Ya sa mini auduga in cije rabin sa'a. Ƙafafuna ba su ɗauke ni nan da nan ba, aka bar ni na zauna har na dawo daidai.

2 ga Fabrairu

Ranar farko ba kurkurar baki, ba tofar da miyau da ƙarfi, ba abu mai zafi, ba taba ga mai sha. Dalili shi ne gudan jinin da ya daskare a ramin, shi ne murfin ƙashin. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, ciwon da ke biyowa bayan kwana biyu zuwa huɗu ya fi na haƙorin. A alwala na sa ruwa a baki na bar shi ya zubo da kansa. Kunu mai sanyi da fura na sha. Washegari na fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Farasitamol ya wadatar.

Jiya na ji uwargida tana ce wa ƙaramin ɗanmu in bai daina ƙiriniya ba za ta kai shi likita a yi masa allura. Da dare muka zauna muka yi magana, ta fahimta, mun daina wannan a gidan nan. Da bakinmu muke shuka wa yara tsoron wurin da wata rana za su nemi ceto. A ajina ma na fara lura da bakin yara, abin da da can nake kawar da kai daga gare shi. Mu a Damagaram mun san noma, cutar da ke farawa daga gyambon dasashi ta cinye fuskar ƙaramin yaro mai fama da tamowa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Uwa mai tsoron likita ba za ta yi saurin kai ɗanta a duba masa baki ba.

13 ga Fabrairu

Ranar cike na sama. Na zaci tunda na wuce cirewa, wannan ba komai ba ne. Da injin fafewa ya tashi, sai ga gumi, sai ga rawar gwiwa, kamar ban taɓa hawa kujerar ba. Likitan ya ce haka abin yake, kowace ƙara da nata tsoron, kuma wannan injin ban taɓa haɗuwa da shi ba. Ya kunna shi a iska in saurara, ya ɗora gefensa a farcena in ji girgizar. Muka yi yarjejeniya: zai yi aiki in ƙirga goma a zuci, ya ɗaga, in huta, ya koma. Daga baya ni na ce ya kai ashirin. An cike, an daidaita shi da cizona.

25 ga Fabrairu

Ɗiyar yayata ta sake yi mini tambayoyin nan biyar. Na samu 14. Tambayar inji ce har yanzu take da maki mai yawa, ta ɗakin jira kuwa ta sauka ƙasa. Tsoron yana nan, sai dai ya daina yanke mini hukunci.

Ramin ya rufe, ina tauna da gefe biyu, ruwan sanyi ya daina harbawa. Aswakina yana nan a kowace salla, na ƙara da buroshi safe da dare, minti biyu, da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa, na duba kwalin an rubuta adadinsa 1450. Likitan ya ce in tofar kawai bayan gogewa, kada in bi da ruwa, don maganin ya zauna. A fada na tsaya a kofi ɗaya, ina bin sa da ruwa. Wani abokina da ya fi kowa yi mini tsiya ya ja ni gefe shekaranjiya ya tambayi inda likitan yake, da ko da gaske yana tsayawa in an ɗaga hannu. Na ce in ya shirya zan raka shi, ya fara da zama a benci kawai.

Sauran aiki biyu. Giɓin turmin yana bukatar shawara, don in aka bar shi haƙoran gefe sukan karkato, na sama ya zazzago. Za mu zauna a kan wannan da kuɗinsa bayan Salla. Sannan ɗana mai shekara shida, turamensa na dindindin sun fara fitowa a bayan na nono, waɗanda iyaye da yawa ke ɗauka za su faɗi su sake tsirowa. Likitan ya ce in zo da shi ranar da zan koma, ya hau kujerar a ƙirga masa haƙora, ba allura ba inji. An rubuta mana mako na biyu bayan Salla, da ƙarfe takwas na safe.